Gwaggo Zahara'u da Sumuni Takwas

Sunana Khairiyya, kuma shekara tara ke nan ina koyar da darasin kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata da ke Birnin Kudu. Na faɗi haka tun farko don a san wadda ta kwafsa a labarin nan, kada wani ya zaci wata ce da ba ta je makaranta ba. Ni ce, da takarduna da komai. Amma labarin na Gwaggo Zahara'u ne, yayar mahaifina, wadda take koyar da matan aure karatu a tsakar gidanta a Dingaya tun kafin a haife ni.

A Sara aka haife ta, a gidan kakana Alaramma Dabo. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, inda yaro yake iya wanke allo kafin ya iya wanke fuskarsa. Ta sauke tana da shekara goma sha biyar, boko kuwa ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Babana yakan ce duk cikinsu ita ce ta ɗauko kan Alaramma, ta haɗa har da zafin ransa. Aka kai ta Dingaya gidan Malam Buba, manomi mai 'yan shanunsa, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, Allah ya ji ƙansa, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ranar da ya ci Gwaggo a gardama ba.

Makarantar tata ba zama aka yi aka shirya ta ba. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma gindin darbejiyar tsakar gida ta yi tilawarta. Wata rana maƙwabciya ta leƙo ta kan danga, ta ce don Allah a gyara mata abin da take salla da shi. Bayan kwana biyu ta zo da ƙanwarta. Kafin damina ta zagayo mata goma sha ɗaya ne a gindin bishiyar, wasu da goyo, wasu da ƙwaryar nono a gefe, don yawancin matan yankin daga gidajen masu shanu suke. Yanzu sukan kai arba'in, kuma har gobe babu allon sanarwa a ƙofar gidan.

Abin da aka fi sanin Gwaggo da shi littafinta ne. Karatun dai izu sittin ne, kowane izu an kasa shi gida takwas, kowane kaso sunansa sumuni. Sumuni biyu rubu'i ke nan, rubu'i biyu nusufi, nusufi biyu izu guda. A shekarun farko da ka take riƙe inda kowace mace ta tsaya, har ranar da wata ta rantse ta wuce wani wuri, Gwaggo ta ce ba ta wuce ba. Matar ta tashi tana kuka, ba ta sake dawowa ba. Abin ya tsaya wa Gwaggo a rai. Ta ce dole a sami shaidar da mai karatu za ta duba da idonta ta gane, ko da ba ta san lamba ba.

Sai ta sayi littafin rubutu, ta ba kowace mace shafinta. Duk ƙarshen zango, wato sau uku a shekara, takan ja layi ɗaya. A farkon layin ta rubuta cikakkun izun da mace ta biya a zangon, sannan ta yi gida uku a jere, na nusufi, na rubu'i, na sumuni. Gidan da aka samu sai ta ɗiga masa tawada, wanda ba a samu ba ta yi masa ɗan da'ira fanko. Macen da ta ƙara sumuni biyar a kan izunta za ta ga ɗigo, fanko, ɗigo. Mai sumuni bakwai ɗigo uku reras. Ko tsohuwar da ba ta san alif ba a ranar da ta fara zuwa, cikin mako guda ta iya karanta shafinta.

Ɗigon Gwaggo kuwa tsada gare shi. Sai ta ji da kunnenta, baƙi da wasali, kafin alƙalaminta ya taɓa tawada. Matar wani babban dillalin hatsi ta taɓa kawo mata turmin atamfa ana saura kwana biyu a rufe zango. Gwaggo ta karɓa, ta yaba kyan zanen, ta sa albarka, sannan ta buɗe shafin matar ta yi mata fanko uku a gabanta. Ni ma ban tsira ba. Ina yarinya nakan je hutu Dingaya, kuma akwai sumuni ɗaya da na biya sau goma sha ɗaya kafin ta ɗiga mini, ina kuka ina majina tana ɓarar gyaɗarta.

Yanzu bari in zo kan Inna Hapsatu, don a kanta abin ya faru. Mai nono ce, gidansu can bayan gari wajen masu shanu. Ba ta fara karatu ba sai da ta aurar da autarta, lokacin ta haura hamsin da biyar. Ta zo ta durƙusa ta ce, “Malama, na gama da 'ya'ya, saura ni.” Ba ta da saurin ɗauka, ita ma ta sani, amma ba ta fashi. Shekara takwas tana zuwa, zango ashirin da huɗu, layi ashirin da huɗu a shafinta.

A shekara ta shida idonta ya fara ba ta wahala. Aka kai ta asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura da magani. Na dama ya riga ya yi nisa. Da na hagu take karatu, ta kawo mus'hafin dab da fuskarta, ta juya baya ga rana don haske ya sauka a kan shafin. Da tsakar rana kaɗai take iya ganin baƙaƙen, saboda haka Gwaggo ta ware mata lokacinta ita kaɗai kafin azahar. Burinta ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya san shi. Tana so a kira sunanta ranar walimar sauka, ta karanta da idonta tun yana gani.

Walimar kuwa ba ta gida ɗaya ba ce. Makarantun matan aure na yankin suna da kwamiti, kuma sau ɗaya a shekara, ƙarshen Sha'aban, ake haɗa duk waɗanda suka sauke a Gwaram, a ba kowace takardar shaida. Sakataren kwamitin, Malam Jafaru, mutum ne mai tsare doka. A baya an sami makarantun da suke turo sunan matan da aka tsallake musu wurare don a yi biki, shi ya sa aka ce kowace malama ta kawo abin da ɗalibarta ta biya zango-zango, jimilla ta cika sittin. Wadda ba ta cika ba sai baɗi. A waccan shekarar Inna Hapsatu ce kaɗai ta kai ƙarshe a makarantar Gwaggo.

Nan ne ni uwar iyayi na shigo. Na je gaishe da Gwaggo da kwamfutata a jaka, na tarar tana shirin aika littafin nan nata da ya sha hannu, bangonsa duk ya yi laushi. Na ce, “Haba Gwaggo, a wannan zamanin? Kawo in buga miki shi tsaf, su san kina da 'ya.” Ta dube ni ta ƙasan ido ta ce, “To, 'yar boko, buga.” Na zauna na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Inda na ga izu biyu da ɗigo, fanko, ɗigo, sai in ce nusufi huɗu ne, sumuni ɗaya, biyar ke nan, in buga 2.5. Inda na ga izu ɗaya da ɗigo uku in buga 1.7. Layi ashirin da huɗu, ban kuskure ko ɗaya ba. Na sa kwamfuta ta tara, na tura wa Malam Jafaru ta waya ina sauri kada in rasa motar komawa. Wallahi ko kallon jimillar ban yi ba.

Don a gane girman wautata, sai an san abin da nake koyarwa. Kowace shekara ina gaya wa 'yan ajina cewa ƙirge iri-iri ne. Namu na yau da kullum goma-goma ne, in ka wuce tara sai ka koma sifili ka kai ɗaya gaba. Kwamfuta a cikinta bibbiyu take yi, sifili da ɗaya kawai, muna ce masa bainari. Akwai na takwas-takwas, oktal, wanda yake tsayawa a bakwai. Akwai na sha shida-sha shida, hekza, wanda lambobi suke ƙare masa sai ya ari haruffa ya cike. Ina koya musu yadda ake juya lamba daga wannan zuwa wancan, ina buga tebur ina cewa duk wadda ta rubuta mini takwas a oktal ta nemi wata malamar.

Ranar wata Alhamis, saura kwana goma sha shida walima, Malam Jafaru ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, “Malama Khairiyya, takardar da kika turo ta nuna hamsin da bakwai da ɗigo takwas. Baiwar Allahn nan da sauran izu biyu da wani abu. Sai dai ta yi haƙuri zuwa baɗi.” Na buɗe kwamfuta, ga shi nan ɓaro-ɓaro, 57.8. Na sake duba layukan, duk daidai da hoton shafin da na ɗauka. Sai na yanke hukunci a raina cewa tsufa ne ya fara kama Gwaggo, ta tsallake wani wuri ba ta sani ba.

Na kira ta na gaya mata. Sai ta ce, “Ni na saurari Hapsatu tun daga farko har ƙarshe. Ɗauko na'urar taki ki zo.” Na ce, “Gwaggo, kwamfuta fa ba ta kuskuren tarawa.” Ta ce, “Ban ce ta yi ba. Ki zo.” Ni kuwa ga jarrabawar gwaji a makaranta, ga takardun dubawa, ga kuma girman kai, wanda shi ne gaskiyar dalilin. Na ce me zan je in yi, in tsaya gaban tsohuwa in nuna mata ta yi mantuwa? Kwana tara na yi ban je ba, kuma kwanakin nan tara har yau suna ci mini rai.

Ranar Asabar na shiga motar Gwaram, na sauka na hau babur zuwa Dingaya. Na isa rana ta take. Da shigata na ga Inna Hapsatu a tsakiyar rana, ta bar inuwar darbejiya, mus'hafi manne da fuskarta, ruwa yana zuba daga idonta tana sharewa da gefen mayafi. Abin da take karantawa na ji shi, na farkon-farko ne, wanda yara suke fara koya.

Na durƙusa na gaishe su, sannan na ce, “Inna, me ya mai da ke can baya?”

Ta sauke mus'hafin tana murmushi, tana kallon gefen da muryata ta fito. “'Yata, an ce na tsallake izu biyu. Na tambayi Malama waɗanne ne, ta ce ba ta sani ba. Ke ma an ce ba ki sani ba. To tunda ba wanda ya san inda ramin yake, ai sai in faro daga farko, duk inda yake zan taka shi.”

Mace mai shekara sittin da uku, da ido ɗaya da yake ƙarewa, ta ɗauki aikin shekara takwas ta mayar farko saboda lambar da ni na tura. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan, wannan ma ya fi yi mini ciwo. Gwaggo ta hana ta tun ranar farko, ta ƙi hanuwa.

Gwaggo tana gefe da faifan gyaɗa a cinyarta. Ba ta amsa gaisuwata da tsawo ba. Ta ce, “Buɗe ki karanta mini abin da ta ce.”

Na ce, “Hamsin da bakwai da ɗigo takwas.”

“Da Hausa nake tambayarki. Izu nawa, sumuni nawa?”

“Izu hamsin da bakwai, da sumuni takwas.”

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. “Sumuni nawa?”

“Takwas.”

“Ikon Allah! Shekara arba'in ba biyu ina jan layi a littafin nan, ban taɓa ganin sumuni takwas a zaune ba. Bakwai ne ƙarshensu. Na takwas yana shigowa sun tashi daga sumuni, sun zama izu. A ina na'urar taki ta samo wurin ajiye takwas?”

Kai! Kamar an watsa mini ruwan sanyi. Maganar da nake buga tebur a kanta duk shekara, ita ce tsohuwar nan ta mayar mini a gindin darbejiya. Lambobin da na buga bayan ɗigo na takwas-takwas ne, ni kuma na miƙa wa kwamfuta ba tare da na gaya mata ba, ita kuwa ta tara su goma-goma yadda ta saba. Duk inda sumuni takwas suka haɗu ya kamata ta kai izu ɗaya gaba, sai ta zauna tana jiran su cika goma. A kowane izun da sumuni suka haɗa tana cinye wa Inna Hapsatu sumuni biyu.

Gwaggo ba ta jira bayanina ba. Ta miƙo mini littafin ta ce in ƙirga mata ɗigon gidan sumuni daga sama har ƙasa. Na ƙirga, goma sha huɗu. Ta ware gyaɗa goma sha huɗu a kan tabarma, ta jera su bibbiyu. Ta ce, “Sumuni biyu ba sa zama gida ɗaya, da sun haɗu rubu'i ne.” Daga kowace biyu ta tura ɗaya gaba, ta mayar da ɗaya faifai. Bakwai suka wuce, ba ta bar ko ɗaya a baya ba. Gidan rubu'i na ƙirga ɗigo goma sha ɗaya, ta zuba a kan bakwai ɗin, goma sha takwas. Ta sake jera su bibbiyu, tara suka wuce gidan nusufi. Can kuma ɗigo goma sha uku ne, suka zama ashirin da biyu, ta raba, goma sha ɗaya suka fita izu.

“Cikakkun izun da ke farkon layi fa, nawa na'urarki ta ce?”

Na tara su su kaɗai. “Arba'in da tara.”

“A nan ta yi gaskiya. Sa musu goma sha ɗaya.”

Na ce, “Sittin.”

Na zauna ina kallon shafin nan kamar yau na fara ganinsa. Ɗigo, fanko, ɗigo. Ɗaya, sifili, ɗaya. Abin da nake rubutawa a allo ke nan, 101, in ce wa yara biyar ne, kuma kowace lamba ta oktal gida uku take ci a bainari. Sau ashirin da huɗu na juya ɗigon Gwaggo zuwa lamba da kaina, daidai, ban gane aikin ajina nake yi ba, saboda da tawadar gargajiya aka rubuta shi a littafi mai laushin bango. Na gaya mata haka, har na ƙara da cewa da tana rubuta rabin sumunin da take ba tsofaffi, da gida huɗu za ta yi, ya zama na sha shida-sha shida. Ta ce, “Rabin sumuni ba ya shiga littafina sai ya cika. Ke dai bar ba ni suna, tashi ki gyara abin da kika ɓata.”

Na matsa kusa da Inna Hapsatu na ce ta yafe mini, laifina ne, ba ta tsallake ko harafi ba. Hawaye ya ƙwace mini. Ta lalubo kaina ta dafa ta ce, “Ashe na cika?” Na ce ta cika. Ta yi hamdala sau uku, sannan ta rufe mus'hafin a hankali, ta ce idon yana mata zafi tun shekaranjiya.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta na tafi Gwaram wajen Malam Jafaru. Na same shi a zauren gidansa da takardu a gabansa. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya ɓata rai. Ya ce, “Malama, ke kika turo mini lambar nan, yau kuma ke ce kika zo kina cewa ba haka ba? Sunaye sun riga sun tafi wajen bugawa. In na buɗe wannan ƙofar, gobe kowace malama za ta zo ta ce na'ura ce ta yi mata kuskure.” Gaskiyarsa ce, ban ji haushinsa ba. Na ce, “Malam, abu ɗaya nake roƙo. Ka karanta lambar da baki, izu da sumuni.”

Ya ɗaga takardar ya ce, “Izu hamsin da bakwai da sumuni…” Sai ya tsaya. Mutumin da ya haddace tun yana saurayi ne, bai buƙaci in ƙarasa masa ba. Ya cire tabarau ya ce, “Subhanallahi. Da idon boko na kalle ta, shi ya sa ta wuce ni.” Duk da haka ya ce sai ya ga lissafin a rubuce, don ya nuna wa sauran 'yan kwamiti. Na mayar da komai sumuni a gabansa. Izu arba'in da tara sau takwas, ɗari uku da casa'in da biyu. Ɗigon Gwaggo gaba ɗaya sumuni tamanin da takwas. Jimilla ɗari huɗu da tamanin, a raba takwas, sittin, babu saura. Ya bi da alƙalaminsa sau biyu, ya sa hannu, ya ce ni zan kai sunan wajen mai bugawa a Birnin Kudu da ƙafata, tunda ni na jawo. Ranar Alhamis na karɓo takardar na kai masa.

Da na koma na gaya wa Gwaggo an gyara, ban sami yabo ba, ban kuma sa rai ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Da kin zo ranar da na kira ki, da kwana taran nan ba ta yi su a rana ba.” Ta faɗa a hankali, ba da faɗa ba, kuma na gwammace ta zage ni.

Ranar walima aka kafa rumfuna a filin wata makaranta a Gwaram. Mata arba'in da biyu ne suka sauke. Gwaggo ta sa farin mayafinta ta zauna cikin malamai mata, fuskar nan a ɗaure kamar ita za a yi wa jarrabawa. Kowace mai sauka akan kira ta, ta zauna a kan darduma, ta karanta 'yan ayoyi, a ba ta takardarta. Inna Hapsatu ce ta talatin da bakwai. Da aka kira sunanta, babbar 'yarta ta riƙo ta har kan dardumar, 'yan Dingaya suka ɗauki kabbara.

Ina tsaye kusa, don ni nake miƙa wa Malam Jafaru takardun. Ta buɗe mus'hafin, ta kawo shi dab da fuska, ta karkata shi dama, ta karkata shi hagu, tana neman haske. A ƙarƙashin rumfa ne, hasken bai isa ba. Sai na ga Gwaggo ta miƙe, ba ta nemi izinin kowa ba, ta zo ta kama gefen dardumar ta ce wa Inna Hapsatu, “Tashi.” Ta ja dardumar waje tsakiyar rana, ta zaunar da ita, ta juya mata baya ga hasken yadda suka saba, ta ɗora mata yatsa a farkon layi.

Ta karanta. A hankali, tana tsayawa, tana kai ido kusa har hancinta yana taɓa takardar, amma ba ta ɓata ko wasali ba. Aya biyar ta yi. Da ta kai ƙarshe Gwaggo ta ce, “Ya yi,” da ƙarfi yadda kowa ya ji, ta juya ta koma wurinta tana gyara mayafi don kada a ga fuskarta. Ni dai ban ɓoye tawa ba, kuka na yi sosai a gaban mutane.

Malam Jafaru ya ce ni zan miƙa mata takardar. Na durƙusa na sa mata a hannu. Ta shafa ta sama da ƙasa, ta ɗaga ta kusa da idonta na hagu, ta daɗe, sannan ta sauke.

“'Yata, wannan rubutun ya yi mini ƙanana. Nawa suka rubuta?”

“Sittin, Inna.”

“Cif?”

“Cif, Inna.”

Ta naɗe takardar ta sa cikin mayafinta. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce, “To kama ni ki kai ni wajen Malama in yi mata godiya. Tun da na rufe mus'hafin nan ban ƙara ganin inda take zaune ba.”